Kafin ka sayi abin kallon talabijin a kwamfuta

Mai son kallon CRTV, tashar talabijin ta gwamnatin Kamaru, ko wasannin ƙwallo a kwamfutarsa a Garwa ko Marwa yana da hanyoyi uku, kuma kowace da irin matsalar da take kawowa.

Ta farko ita ce ƙaramar na'urar kama tasha da ake sakawa a ramin USB. Wadda aka rubuta wa DVB-S2 tana aiki da kwanon tauraron ɗan Adam, amma tashoshin kyauta kawai take buɗewa, ba na kuɗi irin Canal+ ba. Aibinta yana ga manhajar da take zuwa da ita a faifai, wadda sau da yawa tsohuwa ce da aka rubuta don Windows 7, shi ya sa hoto kan fito lafiya a ƙaramar taga, da zarar an faɗaɗa shi sai allo ya yi baƙi ƙirin alhali murya tana ci gaba. A ganina, duk na'urar da ba ta aiki da VLC ko Kodi, wato manhajojin kallon bidiyo na kyauta, ba ta cancanci ko sefa ɗaya ba, domin idan manhajarta ta ƙi, babu wurin gudu.

Ta biyu ita ce na'urar da take karɓar hoto daga dikoda ta wayar HDMI ta miƙa shi ga kwamfuta. Ana bukatarta ne saboda ramin HDMI na yawancin kwamfutocin hannu fitar da hoto kawai yake yi, ba ya karɓa, kuma mutane da dama sun yi asarar kuɗin waya kafin su gane haka. Sai dai wasu dikododin suna da kariyar hana kwafar hoto da ake kira HDCP, wadda takan hana hoto fitowa gaba ɗaya.

Ta uku kuwa kallo ta intanet, wadda kuɗin data ke yanke mata hukunci.

Kowace ka zaɓa, ka je shago da kwamfutarka, ka roƙi mai kaya ya bari a gwada kafin ka biya. A VLC, maɓallin F yana cika allo. Idan hoto ya ɓace, ka shiga saitin bidiyo ka sauya hanyar fitarwa daga Direct3D11 zuwa OpenGL, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Idan ya dawo, mai yiwuwa laifin direba ne, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoton kwamfutarka, ba na kayan shagon ba, kuma sabunta direban na iya magance matsalar. Idan fuskoki sun baje, maɓallin A yana sauya siffar hoto tsakanin 4:3 da 16:9. Layukan da ke bayyana kamar haƙoran mataji lokacin da ɗan wasa ke gudu, maɓallin D yakan share su.

Gwajin ya kai minti goma aƙalla, domin tsohuwar kwamfutar gwanjo mai allon 1366 da 768 tana iya nuna hoton HD da kyau da farko, sannan ta ɗau zafi ta fara tsattsayawa, musamman a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa kan wuce digiri 40. Idan haka ta faru, ya fi araha ka sayi allo mai ramin HDMI ka haɗa shi da dikoda kai tsaye, ka bar kwamfutar ga aikinta.