Petzl GriGri: inda take da amfani, da inda take gazawa

Ga ɗan Katsina mai son koyon hawa da igiya a duwatsu irin na Dutsin-Ma, GriGri ta kamfanin Petzl na Faransa, na'urar da mai riƙo ke zura igiya a ciki don tare mai hawa idan ya faɗo, ta cancanci kuɗinta. Nauyinta giram 175 ne, tana karɓar igiya mai kaurin milimita 8.5 zuwa 11. A cikinta akwai wani harshen ƙarfe da ke danne igiya da zarar an fizge ta, wato idan mai hawa ya zame.

Amma fa kada wannan ya ruɗe ka. Hannun da ke riƙe da wutsiyar igiya ba ya sakinta ko na ƙiftawar ido. Haɗari kan auku wajen sauko da mutum: mai riƙo ya firgita, ya ja mariƙin da ke sassauta igiya har ƙarshe, harshen ya buɗe, igiya ta kwarara. Zura igiya a baibai ma yakan faru, don haka a duba zanen da ke jikin GriGri kafin kowane hawa.

A kan ƙanƙara kuwa ba ta burge ni ba. Igiyar da ta daskare takan sulluɓe, kuma igiya ɗaya kaɗai GriGri ke ɗauka. Bango irin na arewacin Eiger a Suwizalan, mai tsayin kusan mita 1,800, igiya biyu ake so a can saboda saukowa. Nan Reverso, wata na'urar Petzl mai giram 57 da ke ɗaukar igiya biyu, ta fi ta.

Ƙurar hunturu na cin ƙarfen GriGri. A wanke da ruwan ɗumi, a shanya a inuwa. Ta gwanjo kuwa, in igiya ta yi mata kwari a baki, bar ta a kasuwa.