Kafin ka sayi abin haɗa na'urar ji da wayar hannu

Duk mai sanye da na'urar ji ya san wahalar amsa kira: ka kara waya a kunne, na'urar ta ɗauki kuka kamar usur, muryar mai kira kuma ta nutse cikin hayaniyar titi. Makirufon yawancin na'urorin a saman kunne yake ta baya, ba inda lasifikar waya ke sauka ba. Abin da ake nema shi ne murya ta shiga na'urar kai tsaye.

Fara duba ko taka tana haɗuwa da waya da kanta. Na'urori masu tambarin Made for iPhone sun fito a 2014, Google kuma ya kawo tsarin ASHA, mai haɗa na'urar ji da waya kai tsaye, a Android 10. A nan ake yawan tafka asara, domin ba kowace wayar Android ce ke da ASHA ba, musamman masu sauƙin kuɗi da suka cika hannun mutanenmu. Kamfanin Phonak kuwa, tun samfurin Audéo B-Direct na 2017, Bluetooth na gama-gari yake amfani da shi, har ƙaramar waya mai madannai tana kamawa muddin tana da Bluetooth.

Idan wayarka ba ta kama ba, ni ɗan akwatin da ake maƙalawa a wuyan riga na fi so. Oticon na da ConnectClip, ReSound na da Phone Clip+, Signia na da StreamLine Mic. Yana karɓar kira daga waya ya miƙa wa kunnuwa biyu, ga makirufonsa kusa da baki, don haka wanda ya kira ma zai ji ka sosai ko a tsakiyar kasuwa. Sai dai kowanne da na'urar kamfaninsa kaɗai yake aiki, ita ma ba kowane samfuri ba. Kuma caji yake so, abin lura ne inda wuta ba ta zama.

Mafi araha ita ce igiyar wuya mai Bluetooth, wadda ba ruwanta da kamfani. Sharaɗinta na'urarka ta zo da ɗan naɗin siririyar wayar ƙarfe (telecoil) a ciki, wanda ake kunnawa da saitin T. Ƙananan da ke shigewa cikin kunne sau da yawa ba su da shi, kuma kusa da kayan lantarki takan yi ɗan gurnani.

Ranar saye, tafi da wayarka da na'urarka, ka sa wani ya kira ka a wurin kafin ka biya. Tambayi mai sayarwa batun batir ma, domin doguwar hira ta wannan hanya tana cinye shi da wuri, musamman ƙarami mai lamba 312.