Labulen lilin mai bishiya: surfani ne ko bugu?

Hajiya, kin ce kin samo tsohon labulen lilin a gwanjo, mai zanen bishiya da rassa a lanƙwashe da manyan ganyaye, ido na ganin surfani amma hannu ba ya jin tudun zare. Kina tambaya wanne ne, kuma wanne ya fi.

Juya bayansa tukuna. In surfanin ulu ne, wanda mutanen Ingila ke kira kuruwel, za ki ga zare a baya, duk inda allura ta shiga ta fita. In bugu ne, bayan sumul yake, launin ya ɗan ratso kawai. Yadda kika kwatanta, naki bugu ne.

Asalin zanen na masu allura ne. A ƙarni na 17 matan Ingila suka riƙa ɗinka wannan bishiya da zaren ulu a kan lilin mai kauri, suna labulen gado da shi saboda sanyi, kuma yadukan Indiya masu zanen bishiya da kamfanin East India ke shigowa da su sun yi tasiri a kansa sosai. Aiki ne na watanni. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin aska takwas a babbar riga ya san irin haƙurin da ake nufi.

Bugu da firam kuwa ya kankama ne daga shekarun 1930, ya yi tashe a na 1940 da 1950. Ana ɗaure kyallen siliki a firam kamar rariya, a toshe ramukansa sai wurin zane, a shimfiɗa lilin a dogon tebur, a zuba rini a ja shi da faffaɗan roba. Kowane launi da firam ɗinsa. Zane mai launi 12, firam 12 ke nan, kuma in ɗaya ya goce ko kaɗan, gefen ganye ya ɓaci. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wasu masu zanen ke bin ganye da ƙananan layuka, gajere da dogo, har da inuwar zare, don ya yi kama da sawun allura. Su suka ruɗi idonki. Wasu kuma ba su kwaikwayi zaren ba, bishiyar kawai suka ɗauka: mai zane Josef Frank ya zana wa shagon Svenskt Tenn na Stockholm, a Sweden, irinta a shekarun 1940, da kayan lambu a rassanta.

Don haka kar ki ɗauka jabu kika saya. Surfanin ya fi nauyi da tsada, amma asu na cin ulu, ruwan zafi kuma yana tsuke shi ya yamutsa yadin. Ƙura ma tana maƙalewa a zaren. Lilin na bugu bai damu da asu ba, yana wankuwa a ruwan sanyi da hannu. Matsalarsa rana, tana kashe masa launi. Don taga, ni bugun zan zaɓa, in sa tela ya yi masa shafi da farin yadi.

Kafin ki kai wa tela, warware kalmasar gefe ki duba bakin yadin. Sau da yawa akwai jerin ɗigon launuka a wurin, ɗaya na kowane firam, wani lokaci har da sunan kamfanin. Ki ce masa kar ya yanke wannan bakin.