Ferrari F40 da Porsche 959: me ya sa wadda ta fi yawa ta fi tsada?

Ɗan'uwa, ka tambaya a wannan zaure cewa tsakanin Ferrari F40 da Porsche 959 wacce ta fi, kuma ka ce abin da ya ɗaure maka kai shi ne 959 ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba, amma duk lokacin da ka duba sakamakon gwanjo sai ka tarar kuɗin F40 ne a gaba. Tambayar tana kan hanya, domin abin da muka saba gani a kasuwa shi ne kayan da suka yi wuyar samu su ke tsada. Amsar tana cikin yadda aka haifi kowace ɗaya daga cikinsu, don haka daga nan zan faro.

Dukansu biyu 'ya'yan gasar tsere ce da ake kira Rukunin B, wadda dokarta ta wajabta wa kamfani ya ƙera motoci 200 na sayarwa kafin a bar shi ya shiga fili. Porsche ta nuna samfurin farko a baje kolin Frankfurt a 1983 ƙarƙashin jagorancin babban injiniyanta Helmuth Bott, ta nuna wadda za a sayar a 1985, amma masu saye ba su fara karɓar motocinsu ba sai 1987. Ita kuwa Ferrari tana da 288 GTO Evoluzione da ta tanada don wannan gasa. Da aka soke Rukunin B a ƙarshen 1986 saboda haɗurran da suka ci rayuka, sai injiniya Nicola Materazzi ya mayar da wannan aiki motar titi, kamfanin Pininfarina ya zana jikinta, aka gabatar da ita a Maranello, garin da kamfanin Ferrari yake a Italiya, a watan Yuli na 1987 don cikar kamfanin shekara 40. Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya rasu a watan Agusta na 1988 yana da shekara 90, kuma F40 ce mota ta ƙarshe da ya amince da ita da kansa. Ka riƙe wannan batu, domin rabin amsar tambayarka yana nan.

A takarda ba su yi wa juna nisa ba. F40 tana da inji mai silinda 8 da lita 2.9 da tabo biyu (turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), ƙarfin doki 478 a ma'aunin Turai, giya biyar ta hannu, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja. Ferrari ta ce tana kai kilomita 324 a awa, tana kai 100 cikin daƙiƙa 4.1. Injin 959 mai silinda 6 ne kwance, lita 2.85, tabo biyu, ƙarfin doki 450, giya shida, tayoyi huɗu duka suna ja. Gudunta kilomita 317 a awa, amma tana kai 100 cikin daƙiƙa 3.7. Wato Porsche ce ke fara tashi, Ferrari ta kamo ta a dogon zango, saboda nauyinta na takarda kilo 1,100 ne ba tare da mai da ruwa ba, ita kuwa 959 tana da kilo 1,450.

Bambancin gaske sai ka buɗe ƙofa za ka gan shi. A cikin F40 babu rediyo, babu kafet, babu mariƙin ƙofa ta ciki, wata 'yar igiya ce a cikin ramin ƙofar za ka ja ta buɗe. Na farkon da aka ƙera ma tagoginsu na roba ne da ake turawa gefe. Fentin ja da aka fesa mata siriri ne har idan ka tsaya kusa cikin haske za ka hango saƙar kabon da Kevlar a ƙarƙashinsa. Sitiyarinta ba shi da na'urar taimako, birkinta ba shi da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, kuma idan ka taka totur injin yakan yi kamar yana jinkiri, sai juyinsa ya kusa 4,000 sannan tabo biyun su buɗe lokaci guda, ƙarfin ya zo kamar an hankaɗa ka daga baya. Direban da bai ƙware ba, musamman a kan jiƙaƙƙen titi, a nan yake rasa bayan motar.

Cikin 959 kuwa kusan kamar na 911 ne, sananniyar motar Porsche, da kujerun fata da na'urar sanyaya da komai, duk abin mamakin yana ɓoye a ƙarƙashi. Tabo ɗaya ke aiki a ƙaramin juyi, na biyun ya shigo idan juyin ya haura 4,000, don haka ƙarfin yana hauhawa a hankali ba tare da fizga ba. Kan silindojin ruwa ke sanyaya shi, jikinsu kuwa iska. Kwamfuta ce ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, tana iya tura har kashi 80 cikin ɗari zuwa baya idan ana fizgar mota, ta raba daidai idan ƙasa tana santsi. Direba na iya ɗaga motar ko sauke ta daga inda yake zaune, kuma tana sanar da shi idan iskar taya ta ragu. Waɗannan abubuwa yau sun zama ruwan dare, amma a 1986 babu motar da ta haɗa su haka. A nawa ganin, idan ana maganar fasaha da aikin injiniya, 959 ta fi F40, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Ta kuma tabbatar da kanta a ƙasa mai wuya: a tseren Faris zuwa Dakar na 1986, wanda ya ratsa hamadar Tenere ya bi ta Agadas da Yamai, René Metge ya zo na ɗaya da 959, Jacky Ickx ya zo na biyu, ta ukun da ke ɗauke da kayan gyara ta zo ta shida.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Porsche ta ƙera 959 guda 292 na sayarwa, ta sayar da kowace a kan mak 420,000 na Jamus ta Yamma, farashin da bai kai abin da ta kashe wajen ƙera ta ba. Ferrari ta yi niyyar yin F40 guda 400, amma da ta ga yadda ake rububi sai ta ci gaba har 1992, adadin ya haura 1,300. A ƙarshen shekarun 1980 'yan kasuwa suna sayen F40 don su sake sayarwa, har wadda direban tsere Nigel Mansell ya mallaka ta kai fam miliyan 1 a 1990, kafin kasuwar ta karye a farkon shekarun 1990. Tsakanin 2021 da 2024 yawancin F40 da aka kaɗa wa ƙararrawa sun tashi tsakanin dala miliyan 2 da miliyan 3 da rabi, yayin da 959 ta gama-gari, wadda ake kira Komfort, take yawo tsakanin miliyan 1 da rabi da miliyan 2 da 'yan kai.

Dalili na farko da ya sa F40 ta fi tsada shi ne sunan Enzo da na ambata. Mai kuɗin da ke tara motoci yana sayen tarihi ne tare da ƙarfen, kuma babu wata Ferrari da za ta sake zama ta ƙarshe a hannun mai kamfanin. Ga kuma siffa: F40 da faffaɗan fiffikenta na baya ko yaro ya gan ta ya san ya ga wani abu, ita kuwa 959 wanda bai san mota ba zai ɗauka 911 ce da aka yi wa kwaskwarima.

Na biyu shi ne Amurka, inda mafi yawan manyan masu saye suke. Ferrari ta kai F40 guda 213 can bisa doka. Porsche kuwa ta ƙi bayar da motoci huɗu a farfasa a gwajin haɗari, don haka aka hana 959 hawa titin ƙasar. Ta Bill Gates ta shafe shekara 13 a hannun kwastan, sai da aka yi dokar 1999 da ta halatta shigo da irin waɗannan motoci don nuni da 'yar tafiya ƙayyadaddiya. Shekarun da ya kamata 959 ta shiga zukatan Amurkawa, a bayan ƙofa ta yi su.

Na uku shi ne wanda ni na fi bai wa nauyi, wato gyara. Sauƙin ginin F40 ya zame mata alheri da ta tsufa. Tana da nata kashe kuɗin, domin tankunan man na Turai na roba ne kuma ana sauya su duk bayan kimanin shekara 10, ga bel ɗin inji da ba a wasa da lokacinsa, amma duk aiki ne da ƙwararren bakaniken Ferrari ya sani. Ita 959 abin da ya ɗaukaka ta shi ne yake tsorata mai saye yau: kwamfutocin shekarun 1980, bututun mai na na'urar ɗaga mota, ƙafafun magniziyam masu buƙatar taya ta musamman. Garejin da suka san ta da gaske a duniya ba su da yawa, daga sashen tsofaffin motoci na Porsche sai irin su Canepa a Kalifoniya, kuma motar da ta daɗe a ajiye ba a tuƙa ta tana iya cin dubban ɗaruruwan daloli kafin ta dawo daidai. Mai saye yana cire wannan daga tayinsa tun kafin ya ɗaga hannu. Yawan F40 ma ya taimake ta, domin kusan kowane babban gwanjo akwai guda, farashinta sananne ne, kuma wanda ya saya ya san ba zai rasa wanda zai karɓa daga hannunsa ba.

Ko a cikin F40 ɗin ba duka suke kuɗi ɗaya ba. An fi neman na farko na Turai waɗanda ba su da matatar hayaƙi a salansa kuma ba su da shokozoba mai daidaituwa, sannan ana duba ƙarancin tafiya da takardar shaidar Ferrari Classiche da ke tabbatar da cewa inji da giya na asali ne.

Akwai inda lissafin yake juyawa. Nau'in 959 Sport, wanda aka rage wa nauyi kuma guda 29 kacal aka yi, yana wuce F40 ta gama-gari a kuɗi. Sannan a watan Oktoba na 2018, a gwanjon RM Sotheby's da aka yi a Atlanta, an sayar da ɗaya daga cikin 959 guda uku da suka shiga tseren Dakar na 1985 a kan dala 5,945,000, alhali a waccan shekarar babu ko ɗaya cikin ukun da ta kai ƙarshen tseren.