Gargaɗi: wani dillalin gida ya cinye min kuɗin hayar wata shida

Jama'a, ina rubutun nan ne raina a ɓace. Wani mutum da ya ce shi dillalin gidaje ne ya karɓe min kuɗin hayar wata shida, da kuɗin ajiya na wata ɗaya, da la'adarsa kashi 10 cikin 100, ya yi layar zana. Wata shida cur. Gidan da ya ba ni hayar ba nasa ba ne, ba kuma na wanda ya ce ya wakilta ba ne. Shi kansa ɗan haya ne a ciki, hayar kwana-kwana ma, irin wadda baƙi ke kamawa su yi 'yan kwanaki su tafi. Ba zan faɗi sunansa ba tukuna, don magana tana hannun 'yan sanda, kuma sunan da ya ba ni ma ba na jin nasa ne. Amma yadda ya ƙulla abin sai na faɗa, don na tabbata yanzu haka yana can yana buɗe wa wata baiwar Allah ƙofa.

Tun kafin wani ya ce min "ai ke ce kika yi garaje", ya tsaya ya ji tukuna. Ba hoto na gani na biya ba. Da ƙafata na je gidan. A gabana ya zaro makullai daga aljihu, bai yi ta lalube yana gwada wannan yana gwada wancan ba, kai tsaye ya sa wanda ya dace, ƙofa ta buɗe. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya kunna fitila ko dubawa bai yi ba. Ya ce min ƙofar bandaki tana ɗan cijewa, sai an ɗaga ta kaɗan, kuma haka take. Muka shiga kicin ya ce, "Hajiya, buɗe famfon da hannunki ki gani." Na buɗe, ruwa ya zubo da ƙarfi. Maigadin wurin ma sai da ya gaishe shi da muka shigo. To don Allah ku gaya min, wace ce za ta ga wannan ta ce ɓarawo ne?

Kicin ɗin ne ya ja ni. Ina koya wa mata girki, kuma inda nake yanzu in ɗalibai suka taru wasu a bakin ƙofa suke tsayawa suna leƙe. Wannan kuwa da faɗinsa, da taga babba, da kanta mai tsawo wadda mutane za su jeru kowa da wuƙarsa da katakonsa. Ina tsaye ina lissafa inda zan kafa murhu na biyu. Abin da ya fi ci min rai ke nan, a cikin kuɗin wata shidan nan akwai kuɗin rajistar da ɗalibaina suka biya na zangon da za mu fara. Na yi musu alkawarin sabon wuri. Yanzu da wane baki zan yi musu bayani?

Na yi tambaya kuwa, kada wani ya ɗauka shiru na yi. Na ga kujeru da gado da labule, na ce wannan kayan fa? Ya ce na tsohon ɗan haya ne, ƙarshen wata zai kwashe, shi ya sa ba za mu tare ba sai ɗaya ga wata. A nan dabarar take, sai yanzu na gano. Yana buƙatar tazara tsakanin ranar biya da ranar tarewa, don a cikin tazarar ne zai shigo da wasu su ma su buɗe famfo su biya.

Ranar da muka je da motar kaya... a'a, bari in koma baya. Kafin in biya sai da na koma da maigidana da yara, muka mai da abin kamar fita yawo, yara suna ta guje-guje daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙaramar har ta zaɓi nata. Maigidana ba mutum ba ne mai saurin yarda, ya ce yana son magana da mai gidan. Nan take mutumin ya buga waya, ya ce mai gidan yana ƙasar waje wajen magani, ya miƙa wa maigidana. Muryar dattijo ce, a natse, har da sa wa yara albarka, ya ce shi ba kuɗi ne damuwarsa ba, mutanen kirki yake so a gidansa. Muna cikin haka wayar dillalin ta sake ƙara, muna ji yana cewa, "Alhaji ka yi haƙuri, akwai wata Hajiya da iyalinta suna dubawa, in ba su ba da kafin alƙalami yau ba gobe naka ne." Yanzu na san duk shiri ne, da dattijon da Alhajin. Amma a lokacin, ga makulli a hannunsa, ga ruwa a famfo, ga mai gida a waya.

Takardar yarjejeniya ma ya kawo, shafi-shafi, da hatimi, da wurin sa hannun shaidu, da kwafin katin shaidarsa. Na karanta ta tsaf. Da ya turo lambar asusun banki na ga sunan ya sha bamban da na mai gidan da ke cikin takardar, na kira shi na tambaya. Ya ce asusun ɗan mai gidan ne, shi ke riƙe da kuɗin mahaifinsa tunda ya kwanta ciwo. Amsa ce mai shiga hankali, gidaje nawa ne haka ake yi? Na tura. Wata shida, da wata ɗaya na ajiya, da kashi 10 nasa. Ya rubuta min rasit, ya ba ni ɗan makulli guda, ya ce, "Allah ya sanya alheri, Hajiya." Har na gode masa. Kullum dare sai wannan godiyar ta dawo min.

To ranar tarewa muka iso da mota cike da kwalaye da tukwanena, na sa makullin ya ƙi juyawa. Muna ta ƙoƙari sai aka buɗe daga ciki, wasu baƙi ne da jakunkunansu, suna kallonmu muna kallonsu. Maigadi ya kira matar da ke kula da gidan. Ta zo ta nuna mana a wayarta cewa mutumin ya kama wurin ne na ɗan lokaci kamar kowane baƙo, ya biya, ya tashi. Ta ce sun canja kwaɗon ƙofa ne saboda kafin mu wani bawan Allah ya zo da irin takardarmu sak da nasa makullin. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Shi maigadin ya ce ya ɗauka 'yan'uwan mutumin ne suke ta zuwa gaisuwa. Direban mota yana jiran kuɗinsa, yara suna tambaya me ya sa ba mu shiga ba, maƙwabta sun fito suna kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na manta ban faɗa ba, tun kwana kaɗan kafin nan wayarsa ta daina shiga, ya turo saƙo cewa ya yi tafiya gaisuwar rasuwa. Na yi masa ta'aziyya ma. Daga baya hotonsa ya ɓace a WhatsApp, saƙona ya tsaya a alama guda. Kuma ashe tun farko ya kunna tsarin nan na saƙonni masu gogewa da kansu, wanda ake iya sa wa awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, shi ya sa wa namu kwana 7. Allah ya taimake ni duk abin da ya turo ina ɗaukar hotonsa in tura wa maigidana. Suna nan, da rasit, da shaidar tura kuɗi, da takardar yarjejeniyar. Da zarar 'yan sanda sun ba ni dama zan saka su duka ku gani da idonku.

A banki an karɓi ƙorafina, amma sun gaya min gaskiya cewa kuɗin da mutum ya tura da hannunsa da lambar sirrinsa ba a janyo shi haka kawai, kuma an riga an kwashe shi daga asusun jim kaɗan da shigarsa. Ɗan ƙanwata kuma ya ɗauki hotunan tallar gidan ya sa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto yake a intanet, nan da nan suka fito a shafin masu ba da masaukin baƙi, da kujerun da labulen da komai. Manhajar nan tun 2017 take, kyauta ce. Amma wa zai tsaya binciken hoto bayan ya shiga gida ya taɓa bangonsa?

Wata shida, jama'a. Ba tsintar kuɗin nan na yi ba, a gaban wuta na tara shi, ina tsaye tun safe har ƙafafuna su kumbura. Allah ya isa tsakanina da shi da duk wanda ya taya shi.

Masu neman haya, makulli ba shaida ba ne. Ku tambayi maigadi da maƙwabta, a bayan idon dillalin, wane ne mai gidan kuma tun yaushe wannan mutumin yake zuwa. Ku nemi takardar mallaka ko ta wakilci, ku duba sunan da ke kan takardar kuɗin wuta. In sunan asusu bai zo ɗaya da na mai gida ba kada ku tura ko me aka ce muku. In an ce sai yau, ku bar shi.

Wanda kuma ya san an taɓa nuna masa gida cike da kaya aka ce na tsohon ɗan haya ne, aka haɗa shi da wani dattijo a waya, ya yi min magana ta ciki. Muna tattara waɗanda ya cuta ne don a haɗa ƙarar wuri guda.