Mai fentin da ya kwashe mana tarkacen sito

Tun gyaran gidan da muka yi lokacin bikin ƙanwar maigida, kayan nan ke jibge a sitonmu a Mabera, cikin garin Sakkwato: bokiti biyu na fentin ruwa masu lita 20, gwangwanaye huɗu na fentin mai, galan ɗin tina (ruwan tsinka fenti), da kwalaben piya-piya. Da Afrilu ya shigo zafi ya haura digiri 40, in ka buɗe ƙofar sai warin ya buge ka har cikin kai. Ni niyyata in tuttule komai a kwata, in wanke bokitan in riƙa tara ruwa. Maƙwabciyata ce ta ce in fara kiran wani mai shagon fenti da ke bakin Babbar Kasuwa, wai yana karɓar ragowa.

Ya ce bayan Azahar, sai dab da Magariba ya iso a Keke. Wannan kam ban ji daɗinsa ba.

Da na faɗa masa abin da na so yi, sai ya nuna kwatar da baki ya ce, "Hajiya, ruwan wanga ina shika zuwa?" Na ce waje mana. Ya ce wajen ai rijiyar wani ce. Na yi shiru, don duk ɗan Mabera ya san abin da damina ke dawo mana da shi har tsakar gida.

Aikin nasa ya burge ni. Bokiti ɗaya ya juya da sanda, ya tace da tsohon gidan sauro, ya ce da sauran ransa, ya saye shi. Ɗayan ya lalace, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ya zuba wa yashi ya dama, ya baza a kan kwali, washegari rana ta mayar da shi kamar ƙanzo, aka ɗure a buhu sai bola. Tina kuwa bari ya yi dattin ya kwanta, ya tsiyaye na sama don wanke buroshi, bayan ya sa na kashe risho. Fentin man ya haɗe wuri guda ya shafe mana ƙofar baya.

A kan gwangwanayen ja da rawaya ya fi tsayawa. Ya ce irin waɗannan launuka ne aka fi sa wa dalma, kuma babu abin da aka rubuta a jikinsu, don haka kada a kankare bangon da aka shafa da yara a kusa, kada a zuba abin ci ko sha a ciki. Jin kalmar dalma ya tuna mini da Zamfara a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalmar dai ita ce. Ga autana kuwa, kowace ƙasa ya gani sai ta shiga bakinsa. Bokitan ma na haƙura, yanzu tumatir na shuka... a'a, shi ma ya hana, furanni ne a ciki.

Ya kuma raba Hypo da ruwan wanke bayi mai asid, ya ce in sun haɗu iskar kulorin ke tashi, ta shaƙe mutum a ɗaki.

Inda ya gaza shi ne piya-piya. Kwalaben da babu komai ya ɗauraye sau uku, ya huda su da ƙusa don kada wata ta zuba man gyaɗa. Masu saura kuwa ya ƙi taɓawa, ya ce shi mai fenti ne. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, maganin ƙwari irin piya-piya, a kasuwa, amma wanda ya riga ya shigo gida, da na tambaye shi inda zan kai, kafaɗa kawai ya ɗaga.

Naira 6,000 ya nema, da aka cire kuɗin fentin da ya saya na cika 3,500. Zan sake kiransa, amma da safe zan ce ya zo. Kwalaben piya-piya biyun da ke da saura suna cikin akwatin ƙarfe da kwado a saman sito, ƙofar bayan kuma ta fito wani launi tsakanin kunun tsamiya da jar ƙasa, maigida har yau tsiya yake mini.