Wane Littafin Dokokin Wasan Labari Ya Dace da Ƙungiyar Matasa a Karkara?

Malamin sakandare a Ringim ko Ɗambatta da ke son saya wa ɗalibansa littafin wasan labari, wanda ake zama a da'ira ana jefa ƙwaya irin ta lido, kowa yana taka rawar jaruminsa, zai tarar da muhawara mai zafi a kan kalmomin da ke cikin littattafan. Wasu na ganin gyaran da ake yi adalci ne, wasu kuma na kiransa takunkumi a bakin marubuta.

Dungeons & Dragons, wato D&D, wani wasan labari da ya fito a Amurka a 1974, ya daɗe da sanin almakashi. A bugun 1989 an cire sunayen shaiɗanu saboda ƙorafin iyaye da malaman coci. Gyaran zamanin nan kuwa wata manufa ce daban: a 2022 kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan, ya nemi afuwa a kan wata halitta mai kama da biri wadda labarinta ya yi kama da na bayi baƙar fata, ya goge bayanin, sannan a bugun 2024 ya sauya kalmar da ke nuni da launin fata da wadda ke nufin nau'in halitta. A ganina wannan gyara bai rage wa wasan armashi ba, kuma ba Bahaushe ne zai yi kukan rashin wancan bayanin ba. Bugun 2014 yana nan da tsohuwar kalmar, kuma ana buga wasa da shi lafiya lau.

Pathfinder, wani wasan labari na kamfanin Paizo, ya riga su, domin tun 2019 yake amfani da kalmar da ke nufin tsatso. Dokokinsa suna nan kyauta a intanet, sai dai sun fi yawa, za su kuma wahalar da wanda Turancinsa bai nuna ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin takarda da waya. Abin da aka buga ya bugu, amma kwafin da ke shafin D&D Beyond, wato shafin wasan na intanet, kamfani na iya sauya shi ba tare da shawarar mai saye ba, ga kuɗin data da matsalar caji a ƙauye.

Sai dai abin da zai tayar da ƙura a nan, inda Kano ke da hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001, shi ne tsafi da gumaka da hotunan da ke cikin duk waɗannan bugu, waɗanda suna nan duk da gyare-gyaren da aka yi. Wani uban ma da ya ga ƙwaya, caca zai fara tunawa. Saboda haka kafin a aika kuɗi waje, malam ya sauke dokokin masu koyo na D&D da ake bayarwa kyauta, ya karanta da kansa, ya nuna wa shugaban makaranta da iyaye, sannan ya gina labarin a kan Daura ko ganuwar Kano, tunda dokokin sun ba mai jagorantar wasa damar ajiye duk abin da bai dace da mutanensa ba.